Bakori: Yadda Ake Cinikin Babur Na Hannu A Ƙasar Masara Da Auduga

Duk wanda ya tashi daga Funtuwa ya kama hanyar Malumfashi, kafin ya gama gyara zama a mota ya iso Bakori. Tafiyar 'yan mintuna ce, dama da hagu gonaki ne shimfiɗe iya ganin ido. Da bazara na shiga garin, lokacin da aka gama sharar gona, ana ta kai takin gida ana zubawa tsibi-tsibi, hadari kuma ya soma leƙowa daga gabas da la'asar. A irin wannan lokaci duk majalisar da ka zauna maganar ɗaya ce: nawa buhun kamfa, nawa yuriya, kuma ina za a samo kuɗinsu kafin ruwan shuka ya sauka.

Bakori hedikwatar ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Katsina. An ba ta wannan matsayi a 1989, shekara biyu bayan an cire jihar daga tsohuwar Jihar Kaduna, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum kusan 150,000. Hakiminta shi ke riƙe da sarautar Makaman Katsina, kamar yadda na Malumfashi yake Galadiman Katsina, na Funtuwa kuma Sarkin Maska. Garin ya yi suna da kasuwar hatsi, da kuma Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya. A ƙarƙashin ƙaramar hukumar akwai garuruwa irin su Tsiga da Kabomo da Kurami da Guga da Kakumi da Kandarawa da Jargaba, ga kuma ƙauyuka da unguwanni barkatai a tsakanin gonaki.

Arzikin wannan yanki a ƙasa yake. Auduga ce ta fara fito da sunansa tun zamanin Turawa, lokacin da aka kafa injin gurza a Funtuwa, layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuma ya ratsa ta can a ƙarshen shekarun 1920. A 1975 sai ga shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, ya buɗe hanyoyin karkara. Yau ana noma masara da dawa da waken suya da shinkafa da auduga, da rani kuma a shiga fadama a yi tumatir da barkono.

Ƙafar manomi

Baƙo ba zai daɗe a bakin titin Bakori ba sai ya lura da yawan babura. Wani ya ɗaure buhun masara biyu a baya ya nufi kasuwa, wani ya rataya tankin feshi ya yi gona, wani ya ɗauko mai juna biyu daga ƙauye zuwa asibiti, wani kuma ya jera yara uku zai sauke su a Islamiyya. Hanyoyin ƙauyuka da yawa mota ba ta shigarsu idan damina ta yi nisa, don haka babur shi ne ƙafar manomi, shi ne motar asibitin talaka, shi ne kuma jarin ɗan acaɓa.

Iri-iri ne. Akwai Boxer na kamfanin Bajaj da TVS, dukkansu na ƙasar Indiya, waɗanda 'yan acaɓa da masu dakon kaya suka fi so. Akwai Jincheng da Haojue da Lifan na ƙasar Sin, da Honda na Japan. Jefi-jefi akan ga dattijo a kan tsohuwar Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, wadda a da ita ce abin hawan malamai da manyan 'yan tireda. Sai kuma roba-roba, ƙaramin babur mara kuloci a hannu, mai sauƙin hawa ga mai babbar riga, mai ƙarancin shan mai. Shi malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da teloli da masu shaguna suka fi riƙewa don zirga-zirgar cikin gari.

Babur a nan ajiya ce kuma. Da kaka, idan manomi ya sayar da masara kuɗi suka shigo, yakan sayi babur. Da bazara, idan taki ya gagara, sai ya fitar da shi kasuwa. Saboda haka farashin na hannu yana bin yanayi: yakan tashi bayan girbi, lokacin da masu saye suka yi yawa, ya sauka gab da shuka, lokacin da masu sayarwa suka yi yawa. 'Yan shekarun nan sun ƙara wa wannan ciniki nauyi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Darajar naira ta faɗi a daidai wannan lokaci, kuma da yake daga waje ake shigo da baburan ko kayan haɗa su, sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Wanda a da zai fasa kwali, yanzu na hannu yake nema, mara shan mai.

A ƙofar gidan Malam

Mai masaukina malamin firamare ne, manomi kuma kamar kowa a garin. Na tarar ya yanke shawarar rabuwa da roba-robansa don ya sayi taki da maganin feshi, ya biya 'yan ƙwadago. Ya zaɓi ya sayar da kansa, ba tare da dillali ba, saboda dalili biyu: kuɗin la'ada su zauna a aljihunsa, sannan ya ga fuskar wanda zai karɓi makullin. Bai raina dillalai ba. Ya ce dillalin kirki ya san farashin ranar, ya san masu nema, yana kuma tsayawa shaida idan rigima ta taso. Wanda ya tsallake dillali ya ɗauki wannan aiki duka a kansa, dole ya tanadi lokaci da haƙuri.

Shirin ya fara tun kafin kowa ya ji labari. Ya wanke babur tas, ya kai wa bakanike ya sauya baƙin mai, ya ɗaure kaca, ya sa sabon fulogi, ya gyara birki. Bai yi masa fenti ba, bai sake robobi ba, domin a cewarsa sabon fenti a kan tsohon babur tambaya yake jawowa, mai saye zai zaci ana rufe wani tabo ne. Daga nan ya buɗe akwati ya fito da leda mai ɗauke da rasit ɗin shagon da ya saya a Funtuwa da takardun rajistar lamba, ya gwada lambar inji da lambar gangar jiki da ke rubuce da waɗanda ke jikin babur, ya tabbatar babu harafin da ya saɓa. Ya kuma zagaya wurin kanikawa ya ji yadda irinsa yake tashi a kasuwa, ya ajiye wa ransa iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba.

Tallan bai ci masa ko kwabo ba. Ya faɗa wa abokan sahu bayan sallar magariba, ya faɗa wa mai shayin bakin layi, ya faɗa wa bakanikensa, ɗansa kuma ya ɗauki hoton babur ɗin ya ɗora a WhatsApp. Kafin gari ya waye sau biyu, sallama ta fara yawa a ƙofar gida. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, aka kafe babur a gefe.

Masu zuwa taya

Wanda ya fara zuwa saurayi ne ɗan unguwa. Ya durƙusa ya gaishe da Malam, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, an ce mashin ɗin nan na kasuwa ne?"

"Na kasuwa ne, ɗana. Duba ka taya."

"Malam ya yi masa kuɗi mana."

"A'a, kai dai taya, ai mai saye ke buɗe baki."

Ya zagaya babur, ya ambaci kuɗin da bai kai rabin abin da ake nema ba. Malam bai ɓata rai ba, ya ce, "Albarka." Saurayin ya ƙara kaɗan, aka sake ce masa albarka, ya yi sallama ya tafi. Na tambayi Malam ko irin wannan tayi ba ya sosa masa rai. Ya ce tayi ba zagi ba ne, kuma wanda ya taya da araha yau yana iya turo yayansa gobe da kuɗin kirki, don haka ba a korar mai taya da baƙar magana.

Bayansa an ga masu zuwa kala-kala. Akwai wanda yake farawa da kushe: taya ta cinye, fitila ta dushe, kujera ta yage, duk don farashi ya karye. Irin wannan sau da yawa mai saye ne don ya sayar, riba yake nema a tsakani, kuma ana gane shi da yadda ya san kuɗin kowane ƙarfe. Akwai wanda yake kiran waya daga nesa yana neman a faɗa masa farashin ƙarshe bai ga babur ba. Amsar Malam gare shi ɗaya ce: ba a cinikin biri a sama, ya zo ya gani da idonsa. Akwai wanda yake cewa a ajiye masa zuwa ranar kasuwa ba tare da ya ba da komai ba. Shi kuma akan ce masa ya kawo kafin alƙalami a yanke rana, in ba haka ba duk wanda ya riga shi biya shi ke da kaya.

Wanda ya fi wuyar sallama shi ne na gida. Wani ɗan ƙanwar Malam ya zo da daddare, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Kawu, ka ba ni shi in biya rabi yanzu, ciko kuma idan an yi kaka." Malam ya yi shiru jim, sannan ya warware masa zance a fili: abin da ya sa zai sayar taki ne, taki kuma ba ya jiran kaka, idan ya ba da bashi, ya rasa babur ya rasa noma. Ya ce masa da yana da hali da kyauta zai ba shi. Yaron ya fahimta, suka rabu lafiya. Dattawan da muka zauna da su sun ce bashin babur tsakanin dangi ya sha ɓata zumunci, domin idan inji ya lalace kafin a cika kuɗi, mai bashi yakan ga an cuce shi, mai kaya kuma ya ga an danne masa hakki.

Sai maganar gwaji. Babu mai sayen babur bai hau ba, amma labarin wanda ya karɓi makulli don ya zagaya ya dawo, aka neme shi aka rasa, ba baƙon labari ba ne a kowane gari. Dokar Malam ita ce wanda aka sani ya hau shi kaɗai, wanda ba a sani ba kuwa ɗan Malam zai zauna a bayansa, kuma ba a wuce ƙarshen layi.

Idon bakanike da bakin mai kaya

Mai saye da gaske ba ya zuwa shi kaɗai. Wani tela daga wajen Kabomo ya zo da bakanikensa da sassafe, kuma da gangan suka yi sammako, don su tarar da inji da sanyinsa. Injin da ya gaji yakan ɓoye halinsa idan ya yi zafi, amma tashin farko na safe yana tona shi. Bakaniken ya taɓa inji da bayan hannu, ya buga kik, babur ya tashi. Ya tsuguna ya kasa kunne, ya murza mai ya saki, ya dubi bakin salansa. Hayaki mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji na ƙona baƙin mai, wato zobe ko fistin sun ci. Ya duba notocin inji ko akwai sawun sifana, ya leƙa ƙarƙashin robobi ko an taɓa yi wa gangar jiki walda, ya tsaya a baya ya auna ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. A ƙarshe ya goge lambar inji da tsumma ya duba ko an kankare ta an sake bugawa. Bai ko kalli mita ba, domin wayarta takan tsinke, kuma ana iya juya ta.

Kafin ya buɗe baki, Malam ya riga shi. Ya ce an taɓa buɗe injin sau ɗaya an sa zobe, batir ya yi sanyi sai da kik yake tashi, kuma ya taɓa faɗuwa da shi a laka har robar gefe ta tsage aka ɗinke. Ya nuna wurin da yatsa. Telan ya dubi bakanikensa, bakaniken ya gyaɗa kai, domin abin da ya gani ke nan.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk ziyarar. Musulunci ya hana ɓoye aibin kaya, kuma a fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. An hana mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da niyyar saye ba don ya ruɗi wani, an kuma hana shiga cinikin da wani ya riga ya ƙulla. A gari irin Bakori wannan hukunci yana tafiya tare da zaman yau da gobe. Wanda ka sayar wa za ku haɗu a masallacin Juma'a, ku haɗu a kasuwar hatsi, ku haɗu a wurin jana'iza. Idan ka rufe shi, sunanka ka sayar tare da babur. Idan kuwa ka faɗa masa komai, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, babu sauran ƙorafi.

Sanin wanda za a miƙa wa makulli

Akwai wani nauyin da mai sayar da babur a wannan yanki yake ɗauke da shi wanda na wasu wurare bai san shi ba. Ƙaramar hukumar Bakori tana maƙwabtaka da Ƙanƙara da Faskari, inda matsalar 'yan bindiga ta yi tsanani, kuma ƙauyukanta da dama sun ɗanɗana hari da satar shanu da garkuwa da mutane. A kan babura maharan suke zuwa, har akan sa babur cikin abin da suke nema na fansa. Wannan ne ya sa a ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanchi, ta hana goyon mutum uku a babur ɗaya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, ba a maido da su a waɗannan ukun ba sai a Disamba. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Mutanen Bakori ba su manta da waɗannan kwanaki ba, kuma sun bar musu darasi: babur ba kayan da ake miƙa wa kowa ba ne.

Na ga wannan darasi a aikace. Gab da magariba wasu samari biyu da ba a san su a unguwar ba suka yi sallama. Ba su duba inji ba, ba su tambayi takarda ba, kuma da aka faɗi kuɗi ba su nemi ragi ba. Malam ya ba su ruwa, sannan ya tambaye su cikin ladabi, "Samari, daga wane gari? Wane ne mai unguwarku? Wa kuka sani a nan Bakori da zai tsaya muku?" Suka ce za su dawo da safe da wani. Ba su dawo ba. Malam bai ce mugaye ne ba, kuma ya san roba-roba ba abin hawan daji ba ne, manyan babura masu ɓarna suke nema. Abin da ya ce shi ne bai san su ba, kuma wannan ya isa dalili. Babur ɗin da aka yi rajista da sunanka, in aka tsince shi a wurin da aka yi ɓarna, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Haɗarin bai bar mai saye ba. Satar babura ta yi yawa, kuma dokar ƙasa tana hukunta wanda ya karɓi kayan sata yana sane, wanda bai sani ba ma yakan rasa babur ya rasa kuɗinsa, ya kuma sha zaryar ofishin 'yan sanda. Shi ya sa babur mara rasit, ko mai farashin da ya yi araha fiye da hankali, masu wayo ke guje masa.

Ranar sallamawa

Telan Kabomo ne ya dawo, wannan karon da yayansa. Malam ya kira maƙwabcinsa da na'ibin masallacin unguwa, aka zauna bayan la'asar, ido na ganin ido. Telan ya taya, aka ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. Yayansa ya sa baki, ya ce, "Malam, a dube mu, batir za mu saya." Na'ibi ya raba tazarar da ta rage gida biyu, ya roƙi kowa ya sauko. Malam ya sunkuyar da kai, ya ɗago ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka." Aka yi musafaha.

Biyan kuɗi ma yana da nasa tsari. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa mutanen karkara tura kuɗi ta waya, amma ya zo da saƙon ƙarya da ke nuna kuɗi sun shiga alhali ba su shiga ba. Telan ya kawo wani kaso a hannu, aka ƙirga a gaban shaidu, ya tura sauran ta waya. Malam bai gamsu da hoton da aka nuna masa ba, sai da ya duba asusunsa da kansa ya ga ciko ya zauna. Babu wanda ya ji haushi, domin kowa ya san haka ya kamata.

Daga nan aka yago takarda aka rubuta yarjejeniya: kwanan wata, sunan mai sayarwa da na mai saye da garuruwansu, irin babur da launinsa, lambar inji da ta gangar jiki da ta rajista, adadin kuɗi, da bayanin cewa an nuna aibin da ke jiki an kuma yarda. Kowa ya sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Aka yi kwafi biyu, aka ɗauki hotonsu a waya. Na'ibi ya tunatar da cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, don haka takarda ba rashin yarda ba ce. Malam ya miƙa rasit na asali da takardun lamba da makulli biyu, ya shawarci telan ya je ofishin rajistar ababen hawa ya mayar da rajistar zuwa sunansa, ya kuma sanar da mai unguwarsu cewa ya yi sabon abin hawa. Aka shafa fatiha, aka yi masa addu'ar Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Kuɗin ba su kwana biyu a hannun Malam ba, washegari ya kai su shagon taki.

Abin da ya rage a yi

Cinikin ya ɗauki Malam lokaci fiye da yadda zai ɗauka a hannun dillali, kuma da ya miƙa wa baƙin magariba da ya sami kuɗi fiye da haka. Amma ya san inda baburinsa yake, telan ya san abin da ya saya, kuma ko shekara nawa aka yi akwai takarda da shaidu. Ba kowane ciniki ke tafiya haka ba. Kanikawan da na zanta da su sun ce har yanzu babura da yawa suna sauya hannu da baki kawai, wani ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu rasit yana ɗauke da sunan na farko, wasu kuma ba su taɓa ganin lamba ba.

A nan ne hukuma da sarakuna suke da rawar takawa. Da kowane mai unguwa zai ajiye littafin da ake rubuta duk babur ɗin da aka saya ko aka sayar a unguwarsa, da ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na kanikawa za su ƙi taɓa babur ɗin da aka kankare wa lamba, da kuma gwamnatin jiha za ta sauƙaƙa kuɗi da wahalar sauya sunan mai abin hawa ta kawo aikin kusa da mutanen karkara, da kasuwar ɓarayin babura ta ragu ƙwarai, masu gaskiya kuma su yi cinikinsu hankali kwance.

Kai kuma mai karatu, ko a Bakori kake ko a wani gari, idan buƙata ta sa za ka fitar da baburinka, ka tanadi takardunka, ka faɗi aibinsa da bakinka kafin a gano, ka yi ciniki da rana a gaban shaidu, ka tabbatar kuɗi sun shiga hannunka, kuma kada ka miƙa makulli ga wanda ba ka san asalinsa ba komai yawan abin da ya taya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da zaman lafiya a ƙasar Katsina da Arewa baki ɗaya.